Yadda Ake Zaman Natsuwa Irin na Masu Yoga

Wanda ya taɓa ɗebo ruwan rafi da damina ya juye a randa ya san ba a motsa shi in ana so ya washe. Ajiye shi ake yi a ƙyale shi, laka ta kwanta da kanta, in an jima a leƙa a hango gindin randa. Kusan abin da masu yoga na ƙasar Indiya ke nema ke nan a zaman da suke kira diyana. A wurinmu an saba fassara shi da "zuzzurfan tunani", fassarar da ni ba ta kwanta mini ba, don ta ɓatar da mutane da yawa. Wanda aka ce wa ya yi zuzzurfan tunani zai zauna ya dulmiya cikin lissafin bashi da baƙar maganar da aka yaɓa masa jiya, ya tashi kansa ya fi da nauyi. Alhali aikin shi ne a ba hankali abu guda ya riƙe, duk sa'ad da ya saki a mayar masa. Shi ya sa zan riƙa ce masa zaman natsuwa.

Yawancinmu a waya muka san yoga, inda ake nuno mutane suna lanƙwasa jiki kamar ba ƙashi, musamman tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranarta, aka fara bikin a 2015. Amma tsohon littafin da ake komawa gare shi a wannan fanni, Yoga Sutra na wani malami mai suna Patanjali, wanda ya haura shekara 1,500, bai damu da lanƙwasa ba. Gajerun jimloli ne 195 ko 196, gwargwadon kwafin da aka duba, kuma tun a jimla ta biyu ya ce yoga ita ce tsayar da kai-komon zuciya. Ya jera matakai takwas. Biyun farko na hali ne da ɗabi'a. Daga nan sai zama, sai sarrafa numfashi, sai janye ji da gani daga waje, sai ɗaure hankali a wuri guda, sai diyana, sai na ƙarshe da ake kira samadi, wato hankali ya nutse gaba ɗaya cikin abin da ya riƙe. Jerin ba na ado ba ne. Wanda ya tsallake zama da numfashi ya ce zai faɗa diyana kai tsaye, kamar mai son hawa bishiya ta ganye ne. Za mu bi su yadda ya jera su, daga na uku zuwa na bakwai.

Kafin a shimfiɗa tabarma, akwai maganar da na san tana ran mai karatu. Yoga ta tsiro ne a cikin addinan Indiya, kuma har yau akwai masu haɗa ta da rera kalmar Om da kiran sunayen abin bautarsu. Ɓoye wannan rashin gaskiya ne. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yin yoga saboda irin waɗannan abubuwa, a farkon 2009 kuma majalisar malaman Indonesiya ta hana nau'in da ake rera kalmomin bauta a ciki, ta bar wanda motsa jiki ne zalla. Littafin Patanjali ma ba baƙo ba ne ga malaman Musulmi, don Abu Raihan Albiruni ya juya shi zuwa Larabci tun ƙarni na 11. Abin da ke cikin wannan jagora zama ne da numfashi da ƙirge. Babu kalmar da za a rera, babu wanda za a kira. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, wannan ba fagena ba ne.

Wuri da lokaci

Nemi kusurwa guda a ɗaki ka mai da ita wurin zamanka kullum. Ba sai ta yi tsit ba, don gidan da ke da yara da maƙwabta ba ya yin tsit. Ya isa a ce ba a bi ta kanka. Masu yoga sun fi son kamar awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, lokacin da gari bai farka ba, ciki kuma ba kowa. Mai tashi da asuba bai da wahala a nan. In safiya ba ta yiwu ba, a yi da yamma kafin cin abincin dare. Abin gudu ɗaya ne, zama bayan an cika ciki, don barci ne zai ci ka. Bari awa biyu ko uku su wuce.

Sa wa waya ƙararrawa mai taushin sauti, minti biyar kacal a ranar farko, ka kife ta nesa da hannu. Ƙararrawar tana da amfani fiye da yadda ake zato. Idan babu ita, rabin zaman zai tafi a tambayar ko lokaci ya cika.

Zama

A nan zan ɗan daɗe, don yawancin masu fasawa a makon farko ciwon baya da gwiwa ne ke korar su, ba taurin hankali ba. Sharaɗin da Patanjali ya gindaya wa zama biyu ne kawai: ya zama tabbatacce, ya zama mai daɗi. Bai ce sai an ɗora ƙafa kan cinya ba.

Shimfiɗa tabarma ko darduma, ka ninke bargo ko ka sami matashi mai tauri wanda tsayinsa ya kai faɗin tafin hannu. Zauna a bakinsa na gaba, ba a tsakiyarsa ba, ka harɗe ƙafafu yadda aka saba zaman cin abinci. Sai ka duba abu guda: ƙugunka ya fi gwiwoyinka tsayi? Idan gwiwoyi sun ɗago sama da ƙugu, bayanka zai lanƙwashe kamar baka, cikin minti uku ka fara jin zafi tsakanin kafaɗu. Ƙara bargo har gwiwoyi su sauka. Idan ɗaya ta ƙi taɓa ƙasa, a tallafe ta da ɗan tsumma a naɗe.

Wannan sassauƙan harɗewa shi suke kira sukasana. Wanda ake gani a hotuna, inda kowace ƙafa ke kwance a kan cinyar ɗaya, fadmasana ne, kuma shawarata a bar shi. Ni na taɓa tilasta wa ƙafata shi don in ga na yi kama da masu yi, na kwana biyu ina ɗingishi. Juyawar da zaman ke buƙata daga ƙugu take fitowa, in ƙugu ya ƙi sai gwiwa ta biya. Wanda harɗewa ke ba wa wahala yana iya durƙusawa ya zauna kan dugadugansa, kusan zaman tahiya, da matashi tsakanin ƙafafu. Mai ciwon gwiwa, da tsoho, da mace mai tsohon ciki, su zauna kan kujera, tafin ƙafa biyu a ƙasa, baya bai jingina ba. Babu abin da ya ragu daga zamansu. Kwanciya ce kaɗai ban ba da shawara ba, don jiki ya riga ya san me kwanciya ke nufi.

Yanzu miƙe gadon baya. Ka ɗauka akwai tulu a kanka da ba ka so ya tuntsure: kai da wuya da baya su hau layi ɗaya, haɓa ta ɗan shigo ciki kaɗan. Mace mai ɗaukar kaya a ka ta fi kowa sanin wannan tsayuwa, ba ƙanƙamewa a cikinta, ba kuma lanƙwasa. Ɗaga kafaɗu zuwa kunne, ka mai da su baya, ka sake su su faɗi. Hannuwa su kwanta kan gwiwoyi, ko a ɗora na dama kan na hagu a cinya. Rufe baki ba tare da haƙora sun haɗu ba, harshe ya kwanta a bayan haƙoran sama, hakan na rage taruwar miyau. Ido kuwa a lumshe shi. In lumshewa na kawo maka barci ko faɗuwar gaba, bar shi rabi a buɗe yana kallon ƙasa kamu uku ko huɗu a gabanka.

Kafin ka wuce, bi jikinka sau ɗaya daga goshi zuwa yatsun ƙafa, ka saki duk inda ka tarar a ɗaure. Wurare uku ne suka fi ɓoye ɗaurewa: tsakanin gira, muƙamuƙi, da ciki. Rabin minti ya isa.

Numfashi

Tsofaffin masu yoga sun lura cewa in numfashi na rawa zuciya ma na rawa, in ya lafa ta lafa. Kowa ya san rabin wannan magana, don mun ga yadda mai fushi ke huci. Ɗaya rabin ne ba mu cika amfani da shi ba, wato ana iya bi ta numfashi a isa ga zuciya.

Ɗora hannu ɗaya a kan cibiya, ɗaya a ƙirji. Shaƙa ta hanci. Hannun da ke kan cibiya ya kamata ya fara motsi, ciki ya kumburo, ƙirji ya biyo baya kaɗan. Idan na ƙirji ne ke tashi, kafaɗu na bin sa, to numfashin sama kake yi, irin na mai gaggawa. Kada ka tura cikin da ƙarfi. Ka sake shi kawai, naman da ya raba ƙirji da ciki zai sauka ya yi aikinsa.

In ka sami wannan, sai ƙirge. Shaƙa kana ƙirga huɗu, fitar kana ƙirga shida, kowace lamba kamar daƙiƙa ɗaya. Numfashi guda ya zama daƙiƙa goma, shida ke nan a minti, alhali baligi a zaune yakan yi 12 zuwa 20. Dalilin tsawaita fitarwa ba camfi ba ne. Bugun zuciya yakan ɗan ƙaru lokacin shaƙa, ya ɗan ragu lokacin fitarwa, saboda wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, wadda aikinta taka wa jiki birki. Doguwar fitarwa tana ba wannan birki lokaci. Yi haka sau goma zuwa goma sha biyu, kamar minti biyu ke nan. Idan huɗu da shida sun yi maka tsawo har kana haki, koma uku da huɗu. Jiri alama ce ta cewa kana jan iska fiye da kima, sai ka rage zurfin shaƙar.

Akwai wani salo da suke kira nadi shodana, wato musayar ƙofofin hanci, mai kyau ga ranar da kai ya yi zafi. Da hannun dama ake yi. Toshe ƙofar dama da babban yatsa, shaƙa ta hagu. Toshe ta hagu da yatsan da ke kusa da ƙaramin, buɗe ta dama, fitar. Shaƙa ta daman nan, toshe ta, fitar ta hagu. Zagaye ɗaya ke nan. Biyar sun isa. Mai mura ya bar shi sai hanci ya buɗe.

Za ka ga wasu na koyar da riƙe numfashi na tsawon lokaci. Kada ka fara da shi, musamman in kana da hawan jini, ciwon zuciya, asma, farfaɗiya, ko juna biyu ga mace. Hata Yoga Firadifika, littafin da aka rubuta a ƙarni na 15, da kansa ya yi kashedi cewa numfashi ana horar da shi ne sannu-sannu kamar yadda ake horar da zaki ko giwa, in aka yi garaje ya hallaka mai yi. Idan masu abin sun faɗi haka, ban ga dalilin da ɗan koyo zai yi wa kansa gwaninta ba.

Janye kunne daga waje

Wannan mataki gajere ne, amma yana raba ka da faɗa da hayaniya. Masu yoga suna kwatanta shi da kunkuru mai janye ƙafafunsa cikin ƙoƙonsa. Saurari sauti mafi nisa da kunnenka ke iya kamawa, ko babur ne a titi ko carar zakara a wata unguwa. Kada ka bi labarinsa, ka ji shi kawai. Sai ka matso: janaretan maƙwabci, motsin kwanuka a tsakar gida, fanka a ɗakinka, har ka iso ga sautin numfashinka. Ka riga ka ba kowane sauti haƙƙinsa, in ya sake tasowa ba baƙo ba ne.

Turke

Yanzu aka zo ainihin aiki. Mataki na shida sunansa darana, kuma Patanjali ya bayyana shi da ɗaure zuciya a wuri guda. Mu da muka san akuya da turke ba ma buƙatar dogon bayani. Turke ba ya hana akuya motsi. Za ta zagaya, ta ja igiya, ta yi kuka, amma tana da iyaka, in ta gaji ta kwanta kusa da shi.

Daina sarrafa numfashin, ka bar shi ya koma yadda ya ga dama, ko gajere ne ko dogo. Zaɓi wuri ɗaya inda kake jin sa sosai. Ga wasu bakin hanci ne, inda iska ke shiga da sanyi ta fito da ɗumi. Ga wasu ciki ne mai tashi da sauka. Duk wanda ka zaɓa, tsaya a kansa har ƙarshen zaman, kai har ƙarshen mako. Mai sauya turke kowane minti bai ɗaure komai ba.

Sai ka fara ƙirga fitar numfashi a zuci. Iska ta shiga ta fita, ɗaya. Ta shiga ta fita, biyu. Haka har goma, sannan a koma ɗaya. Ƙirgen ya zama a hankali, can ƙasa-ƙasa, mafi yawan hankalinka na kan jin iskar, ba kan lambar ba. In ka farga ka manta inda kake, koma ɗaya. In ka tsinci kanka a goma sha huɗu, nan ma ka ɓata, baki ne ke ƙirga hankali na kasuwa. Koma ɗaya.

Zan gaya maka abin da zai faru don kada ka ce ba a faɗa maka ba. Da wuya ka kai huɗu a ranar farko. Kana kan uku za ka tuna ba ka mayar wa wani kira ba, daga kiran ka tuna bikin da za a yi, daga bikin ka tuna ɗinkin da tela bai gama ba, ka yi ta shirya maganar da za ka gaya masa, sai can ka farga ashe zaune kake kan bargo. Wannan ba lalacewarka ba ce kai kaɗai. A 2010 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Harvard sun bi mutum 2,250 ta wayoyinsu suna tambayarsu a lokuta daban-daban me suke tunani, suka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankalinsu ba ya kan abin da suke yi. Tun kafin su, a cikin Bagawad Gita, wani tsohon littafin addinin Hindu, jarumi Arjuna ya koka cewa kame zuciya ya yi masa wuya kamar kame iska. Swami Bibekananda, wani malamin Hindu wanda ya kai yoga kunnen Amurkawa bayan jawabinsa a Shikago a 1893, ya kwatanta ta da biri, wanda ya sha giya, kunama kuma ta harbe shi.

To ga abin da nake so a riƙe ko da an manta sauran. Lokacin nan da ka farga cewa ka tafi, shi ne zaman. Ba faɗuwa ba ce da za a yi nadamarta. Wanda ya ɓata sau talatin cikin minti biyar ya dawo sau talatin, ya yi atisaye talatin, kamar mai ɗaga ƙarfe. Don haka yadda ake dawowa ya fi muhimmanci a kan sau nawa aka tafi. In ka farga, ce a zuci "tunani ne", kalma ɗaya ba ƙari, ka saki duk inda jiki ya ɗaure, ka koma bakin hanci, ka ce ɗaya. Kada ka tsaya yi wa kanka faɗa, don faɗan ma wani tunanin ne, kuma ya fi na tela daɗewa. Kada kuma ka yi kokawa da tunanin don ka kore shi. Wannan ita ce motsa randar da muka fara da ita.

Akwai tunanin da ke zuwa da rigar gaggawa, ya ce in ba ka tashi yanzu ba za ka manta. Ajiye takarda da biro a gefenka. In da gaske abin mai muhimmanci ne, buɗe ido, rubuta kalma biyu, ka koma. Bayan kwana kaɗan za ka ga takardar ta daina cika.

Idan ƙirge ya fara zama cikas, wato kana kai goma sau uku ko huɗu a jere ba ka ɓata ba, ajiye shi ka bi numfashin haka nan: farkon shigarsa, tsakiyarsa, ɗan tsayawar da yake yi kafin ya juyo, fitarsa, da ɗan shirun da ke biyo baya. Wannan ɗan shiru na bayan fitarwa wuri ne mai daɗin hutawa.

Diyana kanta

Game da mataki na bakwai maganata kaɗan ce, don ba abin da ake yi da hannu ba ne. Masu sharhi suna cewa darana kamar ɗigon ruwa ce, ɗis, ɗis, da tsaiko a tsakani, diyana kuwa kamar mai ne da ake tsiyayawa daga kwalba, zare guda ba yankewa. Hankali ya zauna kan numfashi ba tare da an riƙa jawo shi ba. Takan zo na daƙiƙu kaɗan, kuma da zarar ka ce "yawwa, ga ta", ta tafi. Kamar barci take: naka gyara shimfiɗa da kashe fitila, zuwansa ba a hannunka yake ba. Wanda ya zauna yana jiran ta, jiran ne zai zame masa tunanin da ke hana ta zuwa. Haske ko launuka da wasu ke gani a bayan fatar ido ba alamar komai ba ne, a bar su su wuce. Samadi kuwa zance ne na waɗanda suka ba abin rayuwarsu, mai neman kwanciyar hankali kafin ya fita aiki bai da buƙatar sa shi a lissafi.

Tashi

In ƙararrawa ta kaɗa kada ka zabura. Ja dogon numfashi biyu, murza tafukan hannu har su yi ɗumi ka ɗora kan idanu, sannan ka buɗe su. Miƙe ƙafafu, ka jujjuya idon sawu. In ƙafa ta sage, jira ta dawo kafin ka tsaya, mutane sun sha faɗuwa a nan. Kuma ka ba kanka minti ɗaya kafin ka ɗauki waya.

Yadda za a ɗore

Mako na farko minti biyar kullum: ɗaya na zama da sakin jiki, ɗaya na huɗu da shida (numfashi shida sun isa a wannan makon), uku na ƙirge. Mako na biyu da na uku minti goma. Daga nan ƙara biyar duk bayan mako biyu har ka kai ashirin, ka tsaya nan. Patanjali ya ce atisaye yana kafuwa ne in an daɗe ana yi, ba yankewa, kuma da mayar da hankali. Minti biyar kullum ya fi awa guda ranar Asabar. Hanya mafi sauƙi ita ce a jingina zaman da abin da ba ka taɓa fashinsa, ko kafin shayin safe ko da zarar ka dawo daga aiki ka cire takalmi. Ranar da ka tsallake, gobe ka zauna kamar ba abin da ya faru, ba ramuwa.

Littafin Patanjali ya lissafa cikas tara, daga rashin lafiya da kasala har zuwa samun ci gaba a kasa riƙe shi. Uku ne za ka fi haɗuwa da su. Gyangyaɗi: buɗe ido, ɗaga haɓa kaɗan, ko ka wanke fuska da ruwan sanyi kafin zama, in kuma kullum ne to barcin dare ne bai ishe ka ba, shi za ka gyara. Ciwo: ƙaiƙayi da ɗan tsamin jiki a ƙyale su, sukan wuce, amma zafi mai suka a gwiwa ko baya a gyara zama nan take. Sai shakka, wadda takan zo wajen kwana na goma ta ce wannan duk ɓata lokaci ne. Kada ka auna zaman da yadda ka ji a cikinsa. Auna shi da rana: in yaro ya zubar da abu, ko wani ya shige gabanka a layi, akwai ɗan taƙi tsakanin tasowar fushi da fitar magana? Wannan ɗan taƙin ne amfanin farko, kuma sau da yawa mutanen gida ke riga mai shi lura.

Kada kuma a raina matakai biyun farko da muka tsallake. Na farkonsu hani biyar ne: cutarwa, ƙarya, sata, sakin sha'awa, da tara abin da ba a buƙata. A wani wurin Patanjali ya ce zuciya na washewa in mutum ya yi abota da mai farin ciki, ya tausaya wa mai wahala, ya yi murna da mai kirki, ya kau da kai daga mai mugunta. Ko ba a yarda da komai nasa ba, wannan lura ce ta wanda ya san mutane. Wanda ya wuni yana zuba ƙasa a randa, minti goma na yamma ba za su washe ta ba.

Iyakarsa

Ana yawan zuzuta wannan zama kamar maganin kowace cuta. A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi kan mutum sama da 3,500, suka tarar shirye-shiryen zaman natsuwa na rage fargaba da baƙin ciki da jin ciwo, amma ragi matsakaici, kuma ba su ga ya fi motsa jiki ko magani ba. Don haka mai shan maganin hawan jini ko na ciwon damuwa kada ya ajiye shi don ya fara zama.

Wasu kuma rufe ido da shiru na taso musu da abin da suka binne, musamman wanda ya taɓa ganin tashin hankali ko rashi mai tsanani. In kana zaune ka ji ƙirji ya matse, gaba na faɗuwa, ko kamar ka rabu da jikinka, kada ka daure. Buɗe ido, taka ƙasa da tafin ƙafa, kalli abubuwa biyar a ɗakin ka ambaci sunansu da baki. Gobe ka gwada da ido a buɗe, minti biyu, hankali a kan tafin hannu maimakon numfashi. In abin ya maimaitu, dakata ka ga likita. Wanda ya taɓa samun taɓin hankali kuwa ya fara shawara da likitansa kafin ya fara zaman.

In zaman safe ya kama ƙasa, akwai ɗan guntunsa da ake ɗauka a fita da shi. A cunkoson motoci, ko kafin ka amsa kiran da ka san zai ɓata maka rai, saki muƙamuƙi, sauke kafaɗu, ka yi huɗu da shida sau uku. Daƙiƙa talatin ne, ido a buɗe, na kusa da kai ma ba zai san kana yi ba.